Ɗana Yana So In Tsine Masa a Gaban Kyamara

Gwaggo Zuhura, ki taimake ni, da tsufana na jawo wa kaina abin da ya fi ƙarfina.

Ni mai gyaran keke ne a unguwar Temeke. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, shi ma malaman ne suka gaji da ni. Ɗana Shomari ya daɗe yana fitowa a fim, kullum shi ne ɓarawon da ake jibga. Uwarsa ta daina kallo, ni kuwa na ce dukan da na kasa yi masa ne ake yi mini kyauta. Yanzu Allah ya ɗaga shi, shi ne mai shiryawa, shi ne darakta, shi ne jarumi. Wanda zai fito a matsayin ubansa ya gudu garin Mwanza, sai ya zo ya durƙusa mini: "Baba, fuskarka ta wahala ce, ba sai an yi maka kwalliya ba." Na yarda.

An ɗauki kusan duka fim ɗin da wannan fuskar. Saura wuri ɗaya, inda zan nuna shi da yatsa in ce na tsine masa, na cire albarkata daga kansa duniya da lahira. Gwaggo, bakina ya ƙi. Da an ce a fara sai tari ya kama ni, har ma'aikatansa sun sa mini suna Mzee Tari, wato Tsoho Mai Tari. Jiya ya daka mini tsawa a gaban mutane: "Wasa ne fa, Baba." Na yi dariya, na koma gida na kasa cin ugali, tuwonmu na masara.

Ni ban sani ba ko mala'iku masu rubutu sun san fim. Bakin nawa ne, ɗan ma nawa ne. Uwarsa ta ce in na furta, in nemi wani gidan. Masu kyamara za su tafi wani aiki ƙarshen mako. In fim ɗin ya mutu, Shomari ya koma cin duka. In na faɗa, gobe ko zazzaɓi ya kama shi, wa zai gaya mini ba ni ba ne?

Mai gyaran keke, Temeke

Baban Shomari, ka gaya wa uwarsa, ka gaya mini, shi ne kaɗai ba ka gaya wa ba. Shomari ya yi kuskure da ya ɗaga maka murya, amma dubi abin da yake gani: uban da ya saba da zolaya yana tari, aikinsa na farko yana neman rushewa. Ɗauka yake wasa kake masa.

Hukuncin furucin, tambayi limaminku, ni ba malama ba ce. Amma ko ya ce babu laifi, zuciyarka ba za ta kwanta ba, don haka kada ka faɗa. Yau ɗin nan ka kira shi gida, ba a gaban ma'aikatansa ba, ka faɗa masa dalilinka ba tare da dariya ba. Sauya wuri ɗaya a labari aikin darakta ne. Uban da ya ɗaga yatsa, ya buɗe baki, ya kasa, ya juya ya fita, zai fi sa 'yan kallo kuka, kuma wannan ba sai an koya maka ba.

Allah ya sa fim ɗin ya karɓu, ya raya maka ɗanka.