Na Ɗura wa Tsirran Yayata Taki Har Ruwan Ya Koma Kore

Anti mai filin shawara, a agaza mini. Ina rubuto wannan takarda ne daga tsakiyar wata musiba wadda ni da kaina na assasa ta, na raine ta har ta balaga.

Yayata ta tafi kwas na wata uku, ta bar mini amanar tankinta na gilashi: kifaye tara da tsirran ruwa da ta shekara biyu tana tattalinsu. Umarninta ɗaya ne tak, cikin murfi guda na takin ruwa duk mako.

Sai na ga ganye biyu sun yi rawaya. Ni kuwa ɗan mai lambu ne, a wajen Baba na koyi cewa rawayar ganye alamar yunwa ce. Nan take na zartar da hukunci: murfi guda kullum. Na kuma ja teburin zuwa bakin taga domin tsirrai su sami haƙƙinsu na rana, ga fitilar tankin a kunne tun safe har yamma.

Yau ruwan kore ne shar. Gansakuka ta kafa daula a jikin gilashi, kifayen kuwa sai in wani ya gifta mu gaisa. In na kankare da safe, kafin jibi ta dawo da danginta. Na gaji, Anti. Yatsuna sun yanƙwane saboda jiƙa. Duk sanda Yaya ta kira, nakan ce tsirranta na samun kulawa ta musamman, wanda ba ƙarya ba ne. Saura mako uku ta dawo. In sayo sababbi in dasa a ɓoye, ko in miƙa wuya?

Naki cikin nadama,
Ƙanin Mai Tanki

Ɗana, sannu da wahala. Niyyarka kyakkyawa ce, kuma ilimin Baba daidai yake a lambu, inda ƙasa ke shanye rarar taki. A tanki ba inda rarar za ta je, sai gansakuka ta cinye ta, musamman da ka haɗa mata da rana.

Dakatar da takin na mako biyu. Rage ruwan kafin ka mayar da teburin inuwa, kada gilashin ya tsage. Fitila kada ta wuce awa shida a yini. Sau biyu a mako ka kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ka zuba sabo wanda ya kwana a bokiti. Tsinke ruɓaɓɓun ganye, ka rage abincin kifayen, domin kashinsu ma taki ne. Idan ruwan ya washe, ka koma kan murfi guda a mako.

Sababbin tsirrai za su rufa maka asiri na kwana biyu, amma wadda ta shekara biyu tana kallon nata za ta gane baƙi tun daga bakin ƙofa. Kira ta yau. Za ta yi faɗa, kuma tana da gaskiya, sai dai ita ce ta san wane tsiro ne zai farfaɗo, wane ne ya riga ya tafi. Allah ya ba ka sa'a, ya sanyaya zuciyar Yaya.