Hannun Na'ima

Malali, Kaduna
6 ga Oktoba

Zuwa ga autata Aziza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da abokan aikinki da marasa lafiyar da kuke jinya a can sansanin. Mu nan sai godiya. Gwiwata ce kawai take tuna mini shekaruna. Tunda wayarku ba ta minti biyu sai ta yanke, na ga gara in koma wa takarda, Sajan Luka ya ce zai riƙa karɓa a tashar Mando duk lokacin da zai koma wajenku.

'Yarki Na'ima tana ci tana barci, kuma mahaifinta yana zuwa daga Abuja duk ƙarshen mako. Sai dai tun da kika tafi ƙawar tawa ta yi shiru. In na yi mata magana sai ta ɗaga kai ko ta girgiza. Na ɗauka kewarki ce.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne makarantar nan da kika sa ta. Aziza, shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a Abakpa, goma sha biyu a ciki ina shugabar makaranta, ban taɓa ganin irinta ba. Kullum yarinya ta dawo da yumɓu a riga, gawayi har gwiwar hannu, jakarta kuwa ba littafi, sai ganye da murafen kwalba. Jikan Hajiya Harira maƙwabciyarmu sa'anta ne, shekara huɗu, amma yana rubuta ɗaya zuwa ɗari. Na fara zaunar da ita bayan la'asar ina koya mata da kaina, amma da ta ga na ɗauko fensir sai ta cusa hannuwanta tsakanin cinyoyi.

Jiya na je na sami malamarsu, Malama Ruth. Na faɗa mata duk abin da ke raina, ban rage ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Mama, kin riga ni shiga aji tun ba a haife ni ba, ba zan yi gardama da ke ba. Amma ki zo ki zauna da mu kwana uku, sai ki yanke hukunci." Na amsa don kada a ce ban yi adalci ba. Ni dai ra'ayina a cire ta ƙarshen zangon nan. Ki ba ni izini.

Allah Ya tsare ki, Ya dawo mana da ke lafiya.

Mahaifiyarki,
Hansai


Malali, Kaduna
27 ga Oktoba

Autata,

Ina gaishe ki da aiki. Yaya jiki, yaya zafin garin? Na ji daɗi da Luka ya ce kin yi ƙiba, ko da yake na san ki, ke kika ce ya faɗa mini haka.

Na je makarantar. Gida ne mai ɗaki uku da bishiyar mangwaro a tsakiya. Ba benci, ba allo a gaba, sai tabarmi. Yara goma sha shida, kowa da abin da ya sa a gaba: wasu na auna yashi da gwangwani, wasu na duba waken da suka shuka, wasu sun buɗe kasuwa a gindin mangwaro. Malama Ruth ba ta tsayawa a kansu. Durƙusawa take yi har idonta ya daidaita da na yaro, sannan ta yi tambaya, ta jira amsa komai daɗewarta. Ranar farko raina ya yi ta ɓaci, ina ganin ɓata lokaci ne. Amma na ƙirga da kaina, wata yarinya mai suna Saratu ta raba murafen kwalba ashirin ga mutum huɗu daidai, ba wanda ya ce mata sunan wannan abu lissafi.

Ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Na zauna a bayan taga inda Na'ima ba ta ganina, sai na ji wata murya tana ba da umarni, wane ya kawo ruwa, wance ta riƙe nan. Na leƙa. Ita ce, Aziza. Surutu take kamar rediyo, har da dariya. Ashe ba kewarki ce ta rufe mata baki ba. A gidana ne kawai take shiru.

Rana ta biyu na fito fili. Akwai bango guda da aka bar wa yara su yi zane, na same ta a nan tana zana jirgin sama da gawayi, da hannun hagu. Ban ma yi tunani ba, na zare gawayin na mayar mata dama, kamar yadda nake yi a gida. Ta sake shi ya faɗi. Ta koma gefe ta zauna, har aka tashi ba ta ƙara cewa uffan ba.

Da yara suka watse, Malama Ruth ta kawo mini kujera da ruwa, ta ɗauko wata jakar kwali. Ashe kowane yaro yana da tasa, ana tara zanensa, malama kuma tana rubuta a ƙasa abin da yaron ya faɗa a kai, ba ƙari ba ragi. Na gan ki da fararen kaya. Na ga mahaifinta a mota. Sai na zo kan wata doguwar mata da mayafi, riƙe da rula. A ƙasa an rubuta: "Wannan Kaka ce. Tana sona, amma ba ta son wannan hannun."

Malamar ta ce, "Mama, cin abinci da gaisuwa da dama tarbiyyar gida ce, mu ma muna tuna mata. Amma fensir da gawayi, ina roƙonki ki bar mata inda Allah Ya ajiye mata su." Na yi mata sallama na tafi, kuma rana ta uku ban koma ba.

Rular nan sau biyu kawai na taɓa Na'ima da ita, kuma ba da ƙarfi ba. Na rubuta miki ne don kada ki ji a bakin wani.

Ki kula da kanki.

Mahaifiyarki,
Hansai


Malali, Kaduna
1 ga Disamba

'Yata Aziza,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, layi huɗu. Kin gaishe ni, kin tambayi gwiwata, kin ce a bar Na'ima a makarantarta, kin ce Allah Ya saka mini da alheri. Ba ki ambaci komai ba bayan haka. Na karanta ta ya fi sau goma, kuma abin da ba ki rubuta ba shi ya fi yi mini nauyi. To, ni zan rubuta shi.

Ke ma bahaguwa ce. Kina aji ɗaya a makarantar da nake shugabanta, na ga kunya ce a ce 'yar shugaba tana rubutu da hagu. Na ɗaure miki hannun da ɗankwalina a jikin benci, a gaban 'yan ajinku, kusan zango guda. Kin koma dama, rubutunki ya yi kyau, ina nuna shi ga malamai ina alfahari. A shekarar kika fara i'ina, ba ta sake ki ba sai a aji huɗu. Na kai ki wajen masu magani, na zargi aljanu, na zargi baki. Ban sani ba ko ɗaurin ne sanadi, Allah ne masani. Amma ko sau ɗaya ban tambayi kaina ba, kuma ko sau ɗaya ban tambaye ki ba. Haka aka yi mana, haka muka yi, muna ganin gata ne. Wannan ba hujja ba ce. Ki yafe mini, Aziza. Da baki ya kamata in faɗa, kuma zan faɗa in kin dawo, amma rai ba a hannuna yake ba, shi ya sa ban jira ba.

Yanzu ga labarin ƙawata. Na daina darasin la'asar. Na ba ta bangon bayan kicin da kwanon gawayi, na ce nata ne. Kwana huɗu tana kallon bangon tana kallona. Rana ta biyar ina tsintar shinkafa na ji ta ce, "Kaka, akuya ƙafa nawa gare ta?" Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na tuna da Malama Ruth, na ce mu je gidan Hajiya Harira mu ƙirga a jikin akuyarta. Tun daga ranar ban huta ba. Wani lokacin har sai na ce ta bar ni in yi salla.

Na koma makarantar na ba malamar haƙuri. Ta riƙe hannuna ta ce ai akwai tarar da zan biya: duk Alhamis in zo in yi wa yara tatsuniya. Ina zuwa. Suna katse ni, suna canja mini ƙarshen labari, ni da a da ko tari ba a yi a ajina. Har yanzu ina ganin ya kamata su san haruffa kafin aji ɗaya, kuma na faɗa mata. Ta ce za su sani. Za mu gani.

Da Na'ima ta ga ina rubuto miki, ta ce ita ma za ta sa hannu. Ba wanda ya koya mata, a jikin jakar zanenta ta riƙa ganin sunan. Shi ne abin da za ki gani a ƙasan takardar nan. Harafin farko ya juya baya. Na gani sarai, biro kuma yana hannuna. Ban gyara ba.

Allah Ya yi miki albarka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mahaifiyarki mai neman afuwarki,
Hansai