Mayafin Inna

Daren Alhamis, bakwai ga Rajab

Alhamdu lillahi, Inna ta yi barci. Bargon gashin raƙumin da na kawo mata ina ta alfahari, cewa ta yi kamar an rufe ta da ƙasa. Jiya da asuba ta kasa yaye shi, sai da rana ta fito ta yi salla. Makarar sallar ce ta sa ta kuka, ba nauyin ba.

Yau na taka har kasuwar Batsari neman wani mayafin. Gwado ya yi nauyi, luru kuwa da na ɗaga shi ga rana sai ga haske yana ratsowa. Zan juyo ke nan, wani tsoho mai ɗinkin lifidin dawaki ya kira ni.

"Malam, ɗumi ba a nauyi yake ba. Ɗaga wannan."

Zane biyu ya cusa wa audugar rimi, ya bi da ɗinki. Da yatsa biyu na ɗaga. Na matsa ko'ina, babu ƙwayar da za ta jawo ɓera.

Na saya na kawo gida. Inna ta shafa ta ce, "Wannan ɗan abin?" Ta yi tsaki, ta lulluɓa.

Ga minsharinta nan ina ji. Gobe da asuba ita za ta tashe ni.