Ranar da Na Nemi Sikeli a Zauren Baba

Limancin Kona,
Birnin Zariya.

Zuwa ga Yayana Jamaluddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Munira da yara. Allah ya ƙara maka rufin asiri, ya tsare ka a wannan Fatakwal taku da ruwan samanta ba ya ɗaukewa. Mu ma nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Umma tana nan da sauƙi, gwiwar ce dai ke ɗan taɓa ta idan ta daɗe a zaune, amma tana cin abinci, tana kuma yi mana faɗa, ka kuwa san in Umma na faɗa to lafiya ta samu. Maigidana Malam Nasrullahi yana gaishe ka, 'yata Batul ma ta ce a gaya maka ta kai Tabara, kada ka manta da alkawarin da ka yi mata.

Yaya, na zaɓi in rubuto maka ne saboda a waya ba ka bari in kai aya. Ranar da ka kira, ka riga ka ji ta bakin Baffa Jalo, ka zo da hukuncinka a shirye: wai na zubar da mutuncin gidanmu, na ci fuskar dattijo a zauren Baba, in shirya in je in ba da haƙuri. Na saurare ka domin kai babba ne. To a takarda ba ka da yadda za ka katse ni, sai ka daure ka karanta har ƙarshe, sannan ka sake yin hukuncin in ka ga dama.

Ka san ɗakin Umma, amma rabonka da ganinsa tun kafin daminar bara. Bangon gabas ya tsage tun daga sama har ƙasa, hannuna yana shiga tsagar. Azara biyu gara ta cinye su, rufin ya lotsa daidai kan gadonta. Bara da roba da kwanoni muka yi damina, ko'ina ɗis ɗis, ita kuma tana janye tabarmar sallarta daga wannan kusurwa zuwa waccan. Shehu magini ya zo ya duba, ya ce ba zai yi mana ƙarya ba, ɗakin ba zai ga ƙarshen wata daminar ba sai an rushe bangon an sake ɗaga shi, an canza azara, an ɗora kwano a sama. Baffa ya ce ba sai an wahala ba, Umma ta tattara ta koma wajensa a Gyallesu, akwai ɗaki a bayan gida. Bayan ya fita na ga Umma tana shafa bangon nan da tafin hannunta. A ɗakin aka kawo ta amarya, a nan ta haife mu, a nan Baba ya cika. Washegari da kanta ta jawo gwangwanin ajiyarta daga ƙarƙashin gado, ta kwance tsohon ɗankwalin da ta naɗe gwal ɗinta a ciki, awarwaro da sarƙa da 'yan kunnen da Baba ya saya mata a Makka shekarar da suka sauke farali tare. Ta ce a sayar a gyara mata ɗaki, kuma kada wanda ya taɓa albashinka, kai ma kana da bakunan ciyarwa.

Baffa ya ce ba za a kai kayan gidan malamai kasuwa kowa ya gani ba, a yi abin cikin sirri. Ya kira amininsa Alhaji Yari mai gwal, wanda ka sani tun muna yara, shi ne mai ba mu alewa ranar Sallah. Ya zo bayan la'asar, aka shimfiɗa masa darduma a zaure, aka kawo fura, aka yi wa Baba addu'a har sai da na ji ƙwalla. Ni aka ce in kai kayan. Na ɗora su a faranti, na durƙusa na ajiye, na koma bakin ƙofa na tsuguna. Alhaji ya ɗauki awarwaron ya jinjina a tafin hannunsa, ya lumshe ido, ya mayar ɗaya hannun ya sake jinjinawa. Ya ce tsohon gwal ne, an daina yayin wannan ƙirar, sai dai a narkar. Ya ce duwatsun 'yan kunnen sun fi gwal ɗin nauyi. Sannan ya faɗi kuɗi, ya ƙara da cewa don zumunci ne ya kai haka. Yaya, abin da ya taya ko bangon ba zai ɗaga ba, balle a yi maganar kwano. Na dubi Baffa, na ga ya gyara zama, ya buɗe baki zai ce an sallama.

Na san al'adar, ba sai ka tuna mini ba. Na san idan dattijo irin Alhaji Yari ya shigo gidan mutunci, da hannu yake aunawa, kuma wannan girmamawa ce, alamar ba a ɗauke mu baƙi ba. Na san neman sikeli a irin wannan zama kamar ka ce wa mutum ba ka yarda da shi ba ne. Na san mace ba ta sa baki in iyaye maza na ciniki. Duk na sani, amma na ga Umma a ɗakin bayan gida a Gyallesu tana kallon bangon siminti, sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce Allah ya ƙara wa Alhaji girma, albarka, kayan nan ba za su fita ba sai an ɗora su a sikeli. Da ladabi na faɗa, kaina a ƙasa, ban ɗaga murya ba, duk wanda ya ce maka na yi tsawa ya ƙara gishiri. Alhaji ya ajiye awarwaron a hankali, ya ce shi tun kafin a haife ni yake wannan sana'a, ba a taɓa neman sikeli a hannunsa a gidan aboki ba. Baffa ya daka mini tsawa ya ce in ɓace masa da gani. Na tashi, amma da farantin na tashi.

Ban ce Alhaji Yari ɓarawo ne ba, kuma ba zan faɗa ba. Ɗan kasuwa ne, ya yi tayi irin na 'yan kasuwa. A shagonsa in ya taya ƙasa, ya san za a ce masa albarka, ya ƙara, a ja, a daidaita. A zaurenmu kuwa ya san babu mai iya buɗe baki, kunya ce za ta sallama masa kayan. Shi ke nan abin da na ƙi. In tayi ne, ai akwai albarka a cikinsa. In kuma kyauta ake so Umma ta yi masa, sai a fito fili a ce kyauta ce.

Da safe na gaya wa Malam Nasrullahi abin da nake niyya. Ya ce shi ba zai shiga tsakanina da Baffana ba, amma ba zai bar ni in ɗauki gwal a jaka ni kaɗai in shiga kasuwa ba. Ya duba mini farashin giram na ranar a wayarsa, ya sa ni a bayan babur muka tafi Sabon Gari. Ya tsaya a waje, ni na shiga. Shagon farko, mai shagon ya goga awarwaron a wani baƙin dutse, ya ɗiga masa ruwan gwaji, ya leƙa cikinsa ya ga hatimi, ya ce ɗan Saudiyya ne mai kyau, irin wanda yanzu sai an tona. Na ce ya nuna mini sikelin babu komai a kai tukuna, ya yi dariya ya juyo mini da shi. Ya auna, ya taya, na ce albarka, na naɗe kayana na fita. Mai shago na biyu ya fara yi mini waƙar tsohon gwal ne, na ce masa ni ban san gwal yana tsufa ba, in ya narkar ai ba ya tambayarsa shekarunsa. Da ya zo kan 'yan kunnen ya ce zai cire kaza saboda duwatsu, na ce kada ya yi mini kintace, ya ɓalle duwatsun ya ba ni abina, ya auna abin da ya rage. Aka ɓalle, sai ga shi gilasai ne marasa nauyi, ba su kai rabin abin da ya so ya cire ba. Ban gaya wa kowa tayin ɗan'uwansa ba, kowa na bar shi ya faɗi nasa. Na zaga har ƙafafuna suka yi ciwo, wani ya raina ni, wani ya kira ni Hajiya don ya sanyaya ni, a ƙarshe na koma wajen na farkon, muka ja, ya ƙara, na sallama. Ban bar shagon ba sai da kuɗin suka shiga asusun Malam muka ga saƙo.

Ba zan cika ka da lissafi ba. Abin da Alhaji Yari ya jinjina a hannu ya taya bai kai kashi biyu cikin uku na abin da na karɓo ba. Wannan ragowar ita ce azara, ita ce kwano, ita ce ladan magina. Da ka ce mini a waya wai da na bar wa Alhaji kayan, da kai ka cika abin da ya rage daga aljihunka don a zauna lafiya, wallahi raina ya ɓaci. Wato ka cire daga bakin yaranka Suhail da Radiya ka ba mai shagon gwal, don kada ransa ya sosu? Kai ma da ka zauna ka sake tunani za ka ji abin bai yi ba.

An ce mutane sun gan ni a layin masu gwal, an ce yanzu kowa ya san gidan Baba ya kai ga sayar da kayan mata. To a sani. Tsagar bangon nan daga kan hanya ake hango ta, duk mai wucewa masallaci yana ganinta, ban ji wanda ya ce ta zubar mana da mutunci ba. Kayan Umma ne, halalinta ne, ba sata muka yi ba, ba roƙo muka fita ba. Matan unguwa da ke gulmar, biyu daga cikinsu sun riga sun aiko a ɓoye suna tambayata wane shago ne.

Akwai abin da na tabbata Baffa bai gaya maka ba. Bayan an sayar, ya zo gida a fusace, ya tsaya a tsakar gida ya ce wa Umma ta ga tarbiyyar 'yarta, ta sa shi jin kunyar amininsa na shekara da shekaru. Ina tsaye a bakin madafa ina jiran Umma ta ce a yi haƙuri, yarinya ce, kamar yadda ta saba. Sai na ji ta ce, a hankali, ba tare da ta ɗago kai ba, ita ce ta aike ni. Yaya, ba ta aike ni ba. Tunda nake ban taɓa jin Umma ta mayar wa Baffa magana ba sai ranar. Sai ya sa takalmansa ya fita. Da muka rage mu biyu, ta ce mini tana tsaye aka auna wa Baba kayan nan a Makka, ta san nauyinsu sarai, kuma ranar cinikin tana bayan ƙofar zaure tana jin tayin Alhaji. Ta ce ta riga ta fara tunanin abin da za ta ɗauka zuwa Gyallesu da abin da za ta bari, domin ba ta ga yadda za ta ƙaryata ƙanin mijinta a gaban baƙo ba. Na yi kuka, ita kuma ta ce in tashi in duba tukunya kada ta kama.

Saboda haka ga matsayina. Baffa ubana ne, zan je Gyallesu ranar Juma'a in durƙusa in gaishe shi, in ya yi faɗa in sunkuyar da kai har ya gama. In na haɗu da Alhaji Yari a hanya zan rusuna in gaishe shi kamar kullum. Amma ba zan ce na yi kuskure ba, domin ban yi ba, kuma ina roƙonka kada ka kira kowa ka ba da haƙuri da sunana. In aka sake shimfiɗa dardumar nan gobe, zan sake neman sikeli.

Shehu magini ya fara aiki, an rushe bangon, an kwaɓa ƙasa, azara sun iso. Umma tana kwana a ɗakina na da kafin a gama, amma da gari ya waye take sa a kai mata kujera tsakar gida, ta zauna tana nuna wa magina inda alkukinta yake da, kada su kuskura su manta da shi.

Ka gaishe mini da Anti Munira da kyau, ka ce mata na gode da atamfar. Ka shafa mini kan Suhail da Radiya. Malam Nasrullahi da Batul suna miƙa gaisuwa, Umma kuma tana sa maka albarka, ta ce ka rage fushi, yana tsufar da mutum. Idan Allah ya kawo ka da Sallah, kada ka sa direba ya bi da kai Gyallesu. Ka shigo birni kai tsaye. Za ka tarar da hannuwan Umma babu awarwaro ko ɗaya, amma a ɗakinta za ka gaishe ta.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Taka ƙanwa,
Zakiyya.