Gishirin Tsohon Kuku

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya aiki, ya ɗawainiya? Ni dai da sauƙi. Ƙafar hagun ce har yanzu take jan ƙasa, amma ba ita ta sa na aiko ba.

Tela maƙwabcina ne yake rubuta min, tunda ni ban yi boko ba. Na ce masa abin da na faɗa shi zai sa, kar ya yi min ado. Kuma kada ki ce don me ban kira ki a waya ba. A waya katse ni kike yi. Takarda ba ta katse mutum.

Magana ce a kan 'yarki. Da aka sallamo ni daga asibiti kin ce tunda ta samu makaranta a garin nan, ta zauna a wurina ta riƙa kula da ni. Ban ƙi ba. Amma ba ki ce za ta ƙwace min kicin ba.

Auta, shekara talatin da takwas ina dafa wa ma'aikatan masaƙa abinci. Mutum ɗari uku kullum, a tukunyar da sai ƙarti biyu sun kama ake sauke ta. Ban taɓa auna gishiri ba, hannuna ya san aikinsa. Manaja da kansa yakan baro ofis ya zo ya tsaya a bakin taga da farantinsa. Da hannun nan na kai ku makarantar da ni ban shiga ba. Yau ga ni a kan kujera a ƙofar kicin ɗina, ina kallon yarinyar da na yi wa wasa a cinya tana koya min girki.

Ta manna takarda a bango. Ta samo wani ɗan cokali kamar na ba jariri magani, ta ɗebi gishiri da shi, ta sa bayan wuƙa ta share kansa, sannan ta zuba. Ni Malama Cokali nake ce mata yanzu. Albasa sai a kan katako, a hankali, kamar mai yi wa mutum tiyata. Shinkafa kuwa agogon waya ne yake gaya mata ta nuna. Da sassafe take girkin, sau ɗaya, ta zuba min nawa a kula, ta sa nata a roba ta tafi makaranta. Yau wake, gobe taliya da kabeji, jibi dankali da ƙwai. Duk ɗanɗanonsu ɗaya, kamar ka tauna tsumma.

Na ce mata babu gishiri. Ta ce wai akwai, daidai yadda likita ya rubuta saboda hawan jinina. Likitan nan ko ƙwai na tabbata bai iya soyawa ba. Kayan miyan ma ban san inda take sayo su ba. Albasar da za a soya a gabanka ba ka ji ƙamshinta ba, wannan albasa ce?

Ki ja mata kunne, ko ki nema mata wani wurin. Ban tsufa da riƙe ludayi ba.

Ki gaida maigidanki. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Kuku.

*

Zuwa ga Auta,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku. Saƙonki ya zo, Tela ya karanta min. Haƙuri, haƙuri, sau huɗu na ƙirga. Tun rasuwar mahaifiyarki, Allah ya jiƙan ta, ba ku da abin ba ni sai haƙuri. To na gode, na samo wa kaina mafita.

Yarinyar nan in ta sauke tukunya sai ta shiga wanka kafin ta rarraba. Ni kuma da na ji ƙarar bokiti sai in lallaɓa in shiga, in buɗe murfin, in ɗebo gishiri da hannuna yadda na saba, in watsa, in juya, in goge ludayin in mayar inda na same shi. Kafin ta fito na koma ɗaki na kunna rediyo. Mako biyar ke nan. Tela ya ce kada a rubuta wannan. Na ce ya rubuta, gidana ne, gishirina ne.

Wallahi Auta, abinci ya dawo abinci. Tun ranar farko na ji bambanci. Waken shekaranjiya har na sa yatsa na suɗe kular. Kuma ga shi ranar Laraba da ta kai ni awo, likitan nata ya ce jinin ya sauka, ya yaba mata. Na yi dariya a cikina. Da ya san abin da nake ci, da ya yaga takardar shaidarsa.

Abin da zan gaya miki ki yi mata faɗa a kai shi ne rashin ci. Tana dawowa da robarta rabi, ta zauna da yamma ta tura sauran da ƙyar, loma ɗaya kofin ruwa ɗaya. Leɓenta duk ya tsage, wuya ya fito. Na ce mata ko wani ne a makarantar ya ce yana son siririya? In haka ne ta gaya masa ni ne mijin farko, kuma ban saki ba. Ta yi murmushi ta ce karatu ne. Ni dai ban san karatun da ke hana mutum cin abinci mai daɗi ba.

Ranar Asabar na gayyaci tsofaffin abokan aikina, Sito da Direba, ga kuma Tela. Da kaina zan shiga kicin, shinkafa da miyar kaza, irin wadda nake yi wa manyan baƙi a masaƙa. Na ce mata ta zauna da littafinta, ko tsinke kar ta taɓa min. Ta so ta yi magana, na ɗaga mata hannu. Ta zo ta ga yadda ake yi, ko ta samu abin rubutawa a takardar bangon nan.

Ki shafa min kan yara.

Mahaifinki,
Kuku.

*

Auta,

Ina fatan kuna lafiya. Za ki ga rubutun ya canza. Mai gyaran rediyo ne ya rubuta. Ni da Tela ba ma magana.

Na san ta riga ta kira ki. To ki ji nawa.

Ranar Asabar na yi girkina. Kazar ta soyu, man ya taso kan miya ja wur, shinkafa kowace ƙwaya da kanta. Na ɗanɗana na ji bai ji ba, na ƙara. Na sake ɗanɗanawa, na sake ƙarawa. Aka shimfiɗa tabarma a falo, na zuba wa kowa da hannuna.

Sito ya yi loma biyu ya ce gyambon cikinsa ya tashi. Direba yana ta yabo, yana ta zagaya shinkafa a faranti da cokali, ba ta raguwa. Sai Tela ya ajiye nasa ya ce, Kuku, ka yi haƙuri, wannan ba ya ciyuwa, gishiri ne zalla. Mutumin da matarsa ke ba shi ɗumamen kwana biyu ya ce an gode.

Na ce in gishiri ya yi yawa, to wani ya shiga bayana ya ƙara. Na kira yarinyar. Na ce ita ce, don ta kunyata ni. Na faɗi maganganu, ba zan ɓoye miki ba. Na ce boko bai koya mata komai ba sai munafunci. Na ce uwarta ta turo ta ne ta ƙarasa ni a huta.

Ta juya. Ta shiga kicin ta fito da kofi biyu na ruwa a kan tire, ta durƙusa a gabana. Ta ce, Kaka, ɗaya akwai gishiri cokali biyu, ɗaya babu, ka nuna musu wanne ne. Na kurɓi wannan, na kurɓi wancan, na nuna. Tela ya karɓa ya kurɓa, ya sunkuyar da kai. Na ce ta sauya min su ne. Aka sake. Sau uku, Auta. Sau ɗaya na dace, shi ma Allah ya sani canka kawai na yi.

Sannan ta faɗi sauran, tana kuka. Wai tun ranar farko ta gane ina ƙara gishiri, ba ke kika gaya mata ba. Wai tun daga nan, kafin ta shiga wanka sai ta ɗebi nawa ta ɓoye a kwano a bayan buhun shinkafa. In ta fito, shi take juye min a kula. Na tukunyar, wanda na watsa wa hannuna, ita take ci, don kayan abincin da kike aikowa na mutum biyu ne, ba na zubarwa ba. Wai likita ya gaya mata tun a asibiti cewa ciwon ya taɓa min harshe da hanci, ta rasa yadda za ta faɗa min.

Ke nan waken da na suɗe, nata ne, na ɗan cokali.

Ke za ki ce ta kyauta. Ni tambayata ɗaya ce. Mako bakwai tana da wannan magana a ciki, ba ta ga ranar faɗa ba sai a gaban Sito, wanda shekara ashirin yana zuwa bayan kicin yana roƙona ƙanzo? Ta mai da ni yaro, ana ba ni abu ana cewa wani ne, ina tafi. Gara ta zage ni.

Na ce ta haɗa kayanta. Ranar Lahadi ta koma ɗakin kwanan ɗalibai, wurin wata ƙawarta. Sai da ta wanke tukwanen, ta share kicin, ta zo ta durƙusa ta ce ta tafi. Ban juyo ba.

Kada ki turo min kowa.

Mahaifinki.

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa, ya jikin ƙaramin naku? An ce ya yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi. Tela ne ya dawo da rubutun. Ba shiryawa muka yi ba, mai gyaran rediyon ne bakinsa ba ya rufuwa, duk layin nan sun ji labarin kofi biyu.

Kin ce kalma ɗaya take jira daga bakina ta dawo. Kin ce ba sai na ba ta haƙuri ba, in ce ta zo kawai. Mako uku ina juya maganar. Ina shan maganina, kada ki tambaya. Burodi da shayi nake yi, wani lokaci in dafa dankali. Tunda duk ɗaya ne a bakina, ban ga dalilin ɓata mai ba.

Jiya Alhamis na yi abin da ban yi niyyar gaya wa kowa ba. Na dafa shinkafa da wake, na yi 'yar miya da kifi. Tukunyar mutum ɗaya, abin da ban taɓa iyawa ba. Gishirin da yatsu uku na ɗiba, sau ɗaya, na ɗaure hannuna a baya. Na zuba a kula, na shiga motar haya har ƙofar makarantarsu. Na ce in na miƙa mata, ta ci, to maganar ta faɗu ke nan, ba sai na buɗe baki ba.

Mai gadi ya ce maza ba sa wuce bakin famfo, ya ba ni benci, ya ce zai aika a kira ta. Na ce ya dakata. Daga inda nake ana hango bayan ginin, wata doguwar baranda, 'yan mata sun jera rishonsu kowa da 'yar tukunyarta, ga shanya a sama. Na gan ta. Tana tsugune da wata tsohuwar riga, ita da wasu biyu, sun sa tukunya a tsakiya. Taliya ce da ƙwai, ba wani abu ba. Ko faranti babu, kowa da cokalinta.

Auta, ci take yi. Tana ci tana magana da abinci a baki, ɗayar ta ture mata cokali, ta rama, suka kwashe da dariya. Da ya ƙare ta jawo tukunyar gabanta ta kankare gindin. Kumatunta sun dawo. Mako bakwai ta yi a gidana, ban taɓa jin dariyar nan ba, ban taɓa ganin ta nemi ƙari ba.

Na dubi kular da ke cinyata. Shekara talatin da takwas ban taɓa miƙa wa ɗan Adam abin da ban san ɗanɗanonsa ba. In na ba ta, ci za ta yi, ko mene ne a ciki, ta ce da daɗi. Na riga na ga ta iya.

Na ce wa mai gadin ya bar kiran, na yi kuskuren makaranta. Na buɗe kular na ce ko zai taɓa. Ya wanke hannu ya zauna ya cinye tas, ina kallon fuskarsa tun lomar farko har ta ƙarshe. Na ce gishiri fa, ya ji? Ya ce daidai, Baba, Allah ya saka. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa, ko yunwa ce, ko furfurata ya duba. Na tambaye shi sau biyu, har ya fara kallona.

Saboda haka ga amsarki. Kada ki dawo da ita. Kayan abincin da kike aikowa ki raba, kaso mafi yawa ki kai mata can. In ta tambaya, ki ce har yanzu fushi nake yi. Wannan za ta yarda da shi, ta zauna inda take.

Ki gaida maigidanki da yara. Allah ya tsare, ya sa mu gama lafiya.

Mahaifinki,
wanda ake ce wa Kuku.