Amsar da Ban Ba Ka a Kwalekwale Ba

Zuwa ga ɗana Mu'azu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na iso Jidda, zafin unguwarmu Kurayyat ya tarbe ni tun daga bakin ƙofa.

Ka nemi izinina ka ci gaba da zama a ƙasar sanyin nan in aikinka ya ƙare, ban amsa ba. Ka kuma san da niyyar dawo da kai na je wurinka. Na ga 'ya'yan mutane sun tafi da salla, sun dawo babu ita, kuma ban haife ka don haka ba.

Ranar da ka kai ni tafki kamun kifin salmon, ba da son raina ba ne. Ni da na girma a bakin Bahar Maliya ban taɓa taka jirgin ruwa ba, sai ga ni cikin kwalekwalen da bai fi tabarma biyu ba, ka ɗaura mini rigar ceto a kan abaya kamar buhun shinkafa. Hoton nan da ka ɗauka, kada in gan shi a wayar kowa.

Tun safe muna jan ƙugiya a bayan jirgi, ko motsi babu. Na ce maka wannan zaman banza ne a kan ruwa, ka yi dariya ka ƙara mini shayi. Sai da rana ta raba sannan sandar ƙugiya ta lanƙwashe, ka damƙa mini ita kana cewa, "Yalla Umma, ja!" Kifin ya yi tsalle yana walƙiya, ni kuwa ina salati, Hausa da Larabci sun cakuɗe a bakina. Haka muka shigo da shi jirgi. To, na ji daɗi, na faɗa.

Daga nan kifi ya fara ci, sauran jirage sai ihu suke. Na duba agogo, azahar ta yi. Da gangan na ƙi tuna maka salla. Babu ladan, babu masallaci, ga abin da muka wuni jira ya zo. Na ce a raina, yau zan san wanda na haifa.

Ka naɗe zare, ka juya jirgi zuwa gaɓa. Ka yi alwala da ruwan da ke kashe yatsu, ka shimfiɗa mini rigar sanyinka a kan tsakuwa, ka nuna alƙibla ba tare da lalube ba, kamar wanda ya saba salla a gaɓar nan. Ba ka ko dube ni ba don ka ga ko na lura.

Da muka koma, kifi ya watse. Ɗayan nan na yi mana sayadiyya da shi, dafa-dukan shinkafa da kifi irin namu na Jidda. Kitse ya yi masa yawa, bai kama ƙafar kifin najil na kasuwarmu ba, amma ka ga ban rage ba.

Halas, shi ke nan, ya waladi, ka zauna, na yarda. Sai dai ka rage sumar nan, kada ka shiga ruwa babu rigar ceto, azumi kuma a gidan nan za ka yi shi.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka a ruwa da tudu, ya riƙe maka sallarka ranar da idona ba ya nan. Amin.

Taka mahaifiya,
Umm Mu'azu