Na Rina Madobiya Na Ɓoye wa Mai Jita

Malama Yagana, don Allah ki taimake ni, kunya ta hana ni sakewa.

Ni kafinta ne a Haɗeja, shekara ashirin da shida ina sana'ar, har ana cewa ba katakon da ban sani ba. Bayan ambaliyar bara, wani maƙwabcina malamin makaranta ya kawo mini jitar marigayi mahaifinsa, wadda ya zo da ita daga Indiya lokacin karatu. Ruwa ya ɗaga siririn katakon da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin. Ya ce icen na can ne, in bi a hankali. Na yi dariya a gaban mutane, na ce ai madobiyarmu ce.

Da na sa kurfi don in ɓamɓare shi, icen ya tsage gida uku. Ƙamshi mai daɗi ya taso, cikinsa duhu mai sirkin shuni, ga nauyi. Madobiya kuwa fatsi-fatsi ce. Nan na gane ban san shi ba. Maimakon in faɗa, sai na fere madobiya, na rina ta, na manna.

Yanzu yabona yake ko'ina. Ya ce sautin ya canja, amma laifin ruwa ne. Ranar Juma'a muka gaisa, na ga rinin a yatsunsa. Ko masallacinmu na daina zuwa. Gutsattsarin suna nan cikin akwatina.

Wani kafinta, Haɗeja

Malam kafinta, na ji damuwarka. Rashin sanin icen da bai taɓa shiga hannunka ba ba abin kunya ba ne, kuma icen da ya sha ruwa yana iya tsagewa a hannun kowa. Rinin ne laifinka.

Ka duba ɓangaren maƙwabcinka ma. Wurin da yatsun mahaifinsa suka goge shekara da shekaru ka cire, shi kuma yana zaton wurin yake taɓawa har yanzu.

Kada ka jira ya gano da kansa. Ka same shi shi kaɗai a makon nan, gutsattsarin a hannunka, ka faɗi abin da ka faɗa mini ba ragi. Sai ka bar masa zaɓi: ko ka kankare rinin madobiyar ta fito da launinta, ko a nemi gwanin da zai haɗa na asalin. In ya yi fushi, ka jure, yana da haƙƙi. Masallaci kuwa ka koma tun yau.

Allah Ya sanyaya zuciyarsa, Ya kuma sa albarka a hannunka.